Yadda nake zaɓar fulogi wa injin tobo da mai naitiros

A damunar bara wani matashi ya shigo garejina a Agege da Lexus IS300 baƙa wuluk, ransa a ɓace. An ɗora wa injin tobo, wato na'urar da ke ɗura masa iska ta ƙarfi, an kashe kuɗi ba na wasa ba. In yana tafiya a hankali motar lafiya lau take, amma da zarar ya taka totur, allurar matsi ta fara hawa, sai ta kama tari tana fizga kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Kafin ya zo wurina ya canza kwayil ukun duka, ya canza famfon mai, an wanke masa nozul. Ya ce, "Oga, ni fa na gaji. An ce ƙwaƙwalwar motar ce ta samu matsala." Na ce, "Ƙanena, wane fulogi ke ciki?" Ya ce ai mai tsada ne, iridiyom, irin wanda kamfani ya sa.

Wanda ya taɓa aiki a kan injin 2JZ na wannan motar ya san kafin ka kai ga fulogan tsakiya sai ka kwance maƙogwaron totur, shi ya sa makanikai da yawa ke jin ƙyuyar duba su. Muka kwance. Fulogan Denso ne masu lamba 16, ratarsu, wato tazarar da wuta ke tsallakawa a bakinsu, milimita 1.1, ga tangaran ɗin ya yi fari fat kamar alli. Na gaske ne, ba jabu ba. Sai dai an yi su ne don injin da ke shaƙar iska da kansa, ba wanda ake ɗura wa iska ta ƙarfi ba. Na sa masa NGK BKR7E guda shida, na matse ratar zuwa 0.7, tarin ya ɗauke. Kuɗin shidan bai kai na kwayil ɗaya daga cikin waɗanda ya saya a banza ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, a injin da aka ƙara wa ƙarfi ba tsadar fulogi ake fara tambaya ba. Lambar zafinsa ake fara dubawa, sai ratarsa, sai siffar bakinsa. Maganar iridiyom ko jan ƙarfe tana zuwa daga baya.

Mu fara da lambar zafi, don a nan aka fi ruɗewa. In an ce fulogi mai zafi ne ko mai sanyi, ba ƙarfin tartsatsinsa ake nufi ba. Ana nufin saurin da yake kwashe zafi daga bakinsa ya miƙa wa kan injin, inda ruwan lagireto ke zagayawa. Ka leƙa cikin fulogi za ka ga farin tangaran ya zagaye tsinken tsakiya. In hancin tangaran ɗin dogo ne, zafi yana daɗewa kafin ya fita, wannan shi ne mai zafi. In gajere ne, zafi na ficewa da wuri, shi ne mai sanyi. Bakin fulogi yana son zama tsakanin digiri 500 zuwa 800 a ma'aunin Salsiyas. In bai kai 500 ba, baƙin hayaƙi ya riƙa taruwa a kai ke nan har wuta ta fara bin dattin maimakon ta tsallaka rata. Duk mai ƙaramin janareta a gida ya san wannan, ko bai san sunansa ba: ka kwance fulogi, ka goge da burushi, ka mayar. In kuma ya haura 800 sosai, sai bakin ya koma garwashi ya kunna mai tun kafin tartsatsi ya zo, fistin na hawa wuta na danna shi ƙasa. A injin tobo wannan ba ya ɗaukar minti guda, cikin 'yan daƙiƙu sai ka ga rami a kan fistin.

Tobo da ke ba da matsin bar 1, wato kusan psi 14.5, ya kusa ninka iskar da ke shiga silinda. Iska ta ninka, mai ya ninka, zafi ya ƙaru. Fulogin da kamfani ya auna wa injin tun asali ba zai iya kwashe wannan zafin ba, dole a sauka zuwa mai sanyi.

A NGK, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi: 5 ya fi 6 zafi, 8 ya fi 7 sanyi. Denso ma haka suke, sai dai lambobinsu daban. 16 ɗinsu ya yi daidai da 5 na NGK, 20 da 6, 22 da 7, 24 da 8, 27 da 9. Bosch da Champion kuwa a juye suke lissafi, lamba na hawa zafi na ƙaruwa. Na sha ganin yaro ya je kasuwar kayan mota ta Ladipo an ce masa ya sayo mai lamba 8, ya dawo da Bosch 8 yana murna, alhali wannan mai zafi ne. Saboda haka in za ka aiki yaro, rubuta masa cikakkiyar lambar da sunan kamfanin a takarda, kar ka ce masa "mai takwas" kawai.

Ƙa'idar da masu gyaran injin tsere suka daɗe suna bi ita ce, duk ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100 a sauka mataki ɗaya. Kowane mataki yana rage wa bakin fulogi kimanin digiri 70 zuwa 100. Injin da ya zo da 6, aka ƙara masa doki 80, sai a sa 7. Wanda aka ƙara wa 200 sai a duba 8. Motar da ta zo da tobo daga kamfani, irin su Golf GTI, Mercedes C300 ta 2015 zuwa sama ko BMW 335i, tun asali fulogin da ke cikinta mai ɗan sanyi ne. In ba a taɓa ƙwaƙwalwarta ba, ka bar kaza cikin gashinta, ka sa abin da littafinta ya ce. Sai in an yi mata sabon saiti an ɗaga matsi ne za ka sauka mataki ɗaya.

Akwai abu biyu da Legas ta ƙara mana a kan wannan lissafi, kuma suna jan igiya ne ta fuska biyu. Na farko fetur. A Turai mutum zai tsaya gidan mai ya zaɓi fetur mai lambar inganci 95 ko 98, mu kuwa famfo ɗaya ne, abin da ya zubo shi ne naka. Saitin da aka sauko da shi daga intanet, wanda aka rubuta don mai mai kyau, yana sa injin ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wannan ƙarar tana ƙara wa fulogi zafi. Wannan na tura ka wajen mai sanyi. Amma kar ka yaudari kanka, fulogi mai sanyi ba ya gyara fetur. In ƙarar na nan, taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, za a ja baya, ko a rage matsi.

Na biyu gosulo. A nan ne ni kaina na sha kunya. Shekarun baya wani abokin ciniki mai Subaru ya ce yana so a sa masa abin da ba zai taɓa narkewa ba, ni kuma da rawar kai na sa masa 9. Mutumin nan a Ketu yake zaune, aikinsa a Apapa. Kullum sai ya yi awa biyu ko uku a titin Ikorodu, injin na silo, ƙafa a kan birki. Ko mako biyu ba a yi ba ya kira ni da sassafe, motar ta ƙi tashi. Da na kwance, fulogan huɗu sun yi baƙi ƙirin, da taushi kamar tokar gindin tukunya, suna warin fetur. Ba su taɓa kaiwa zafin da za su ƙone dattinsu ba. Na mayar da shi 7 da kuɗina, na ba shi haƙuri. Tun daga ranar, kafin in tambayi mutum doki nawa injinsa ke bayarwa, sai na tambaye shi unguwar da yake kwana da inda yake aiki. Motar da ke shan gosulo kwana shida a mako, ta samu sararin gudu rabin awa ranar Lahadi, ba a sa mata fulogin filin tsere. In kana tsakanin lambobi biyu ka rasa wanne, ɗauki mai sanyin, don fulogin da ya yi datti kuɗin fulogi kawai zai ci maka, wanda ya yi zafi fiye da kima kuwa injin zai ci. Amma mataki ɗaya nake nufi, ba uku ba.

Sai rata, wato tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da ƙugiyar da ta lanƙwaso a kansa. Iskar da aka matse tana yi wa wuta wahalar tsallakawa. Kwayil ɗin da ke iya harba tartsatsi a rata 1.1 cikin sauƙi lokacin da injin ke shaƙar iska da kansa, in matsi ya hau sai ƙarfinsa ya kasa, wutar ta ƙi tsallakawa ko ta nemi wata hanya ta gefen roba. Abin da ya samu mai IS300 ke nan. Alamarsa ba ta ɓuya: misin a lokacin da tobo ya cika kawai, kuma in ka sa kwamfuta ka ga P0300 ko 'yan'uwanta, P0301 zuwa sama, gwargwadon silindar da ke tsallake.

Ni ga inda nake farawa. Matsi har zuwa bar 1, rata 0.7 zuwa 0.8. Daga bar 1.3 zuwa sama, 0.6 zuwa 0.65. Wanda ya wuce haka yakan sauka har 0.55. Amma ba a matsewa don gayu. Rata in ta yi ƙanƙanta, tartsatsin ya zama ɗan mitsitsi, silo ya lalace, mota ta riƙa karkarwa a danja. Abin da ake nema shi ne rata mafi faɗi da injin zai ɗauka ba tare da misin ba. Ka fara daga 0.8, in ya yi tari ka rage 0.05, ka sake gwadawa. In ka sauka har 0.5 bai daina ba, to ba rata ba ce, kwayil ɗinka ne ya gaji. Lambar da ke ƙarshen sunan fulogi tana gaya maka ratar da ya zo da ita: in ka ga 11 a wutsiya, 1.1 ke nan. Gara ka sayi wanda ya zo kusa da abin da kake so da ka lanƙwasa ƙugiya da nisa, don in ta karkace ba ta fuskantar tsinken daidai. Kuma da filagej, wato siraran ƙarafan auna rata, ake aunawa, ba da ido ba, ba da reza ba. Na taɓa kama wani yarona yana buga fulogin iridiyom a kan bencin ƙarfe don ya matse shi. Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Maigida, haka muke yi wa na babur." Tsinken iridiyom na NGK kaurinsa milimita 0.6 ne, na Denso 0.4, ɗan taɓi kaɗan ya karye. Ƙugiyar kaɗai ake taɓawa, kuma a hankali.

Yanzu ga maganar ƙarfen da aka yi bakin da shi. Wanda muke kira na jan ƙarfe, a gaskiya jan ƙarfen a ciki yake, bakin kuwa gaurayen nikel ne. Yana da araha, yana kwashe zafi da kyau, amma yana cinyewa da wuri. A injin tobo da aka ɗaga wa matsi ni ina canza shi duk bayan juyen baƙin mai biyu. Iridiyom yana jure zafi fiye da digiri 2,400 kafin ya narke, kuma siririn tsinkensa ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya yi tartsatsi, don haka ya dace da motar tobo ta hawan yau da kullum, musamman wadda kwance fuloginta aiki ne. BKR7EIX, alal misali, shi ne ɗan'uwan BKR7E a iridiyom, girma ɗaya, lambar zafi ɗaya. Lokacin da ake kan saita injin dai na fi son na jan ƙarfe, don za a kwance a duba a zubar sau da yawa, kuma ya fi sauƙin karantawa.

Naitiros kuwa, wato iskar gas da ake fesa wa injin daga kwalba don ƙarin ƙarfi, wata duniya ce. Iskar da muke shaƙa kashi 23 cikin 100 na nauyinta ne oksijin, naitiros kashi 36. Da ya shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300, sai ya rabu ya saki oksijin ɗin nan gaba ɗaya. Tobo a hankali yake hawa, naitiros kuwa mari ne, kana danna maɓalli ya sauka. Shi ya sa dokokinsa suka fi tsauri.

Kar ka sa fulogin filatinom. Ɗan ƙaramin ɗigon da aka liƙa a bakinsa yana riƙe zafi, yana iya ɓallewa ya faɗa cikin silinda. Kar ka sa mai dogon hanci da ya leƙo can cikin ɗakin wuta. A lambobin NGK, in ka ga P kusa da farko kamar BPR, ko Z kamar ZFR da IZFR, bakin a miƙe yake, ƙugiyar ma doguwa ce, kuma doguwar ƙugiya ita ce ke fara yin ja. Don ƙaramin harbi na doki 50 zuwa 75, fulogin jan ƙarfe mai sanyi da mataki ɗaya, rata 0.8 zuwa 0.9, ya wadatar. Daga doki 100 zuwa sama, sauka mataki biyu, ka nemi wanda hancinsa ya noƙe ciki, ka matse rata zuwa wajen 0.7. Masu injin V8 na LS, irin na Camaro, BR7EF suke sawa saboda wannan dalilin. Akwai kuma jerin R5671A na tsere, sai dai su ba su da rizisto, wato abin da ke hana wutar fulogi damun na'urorin lantarki, kuma fulogi marar rizisto yana iya rikita ƙwaƙwalwar mota da sauran na'urori. A motar titi mai kwamfuta ka tabbata da R ɗin rizisto a tsakiyar lambar, kamar na BKR. Sannan a ja taimin baya kimanin digiri 2 a kan kowane doki 50 na naitiros. Wanda bai yi wannan ba, ko wane fulogi ya sa, aikin banza ne.

Ga wani abu da rana ta Legas ke yi wanda ba kowa ke lura ba. Ana son matsin kwalbar naitiros ya tsaya tsakanin psi 900 zuwa 1,000. Ka ajiye mota a rana tun sha biyu har la'asar, but ya zama tanda, matsin ya haura. Naitiros zai fita da yawa, fetur kuwa yana nan yadda aka saita shi, sai cakuɗin ya yi ƙarancin mai, zafi ya tashi. A kan bencina akwai gwangwanin madara da nake ajiye wani fulogi a ciki. Daga wata Honda Accord ya fito, irin wadda 'yan Legas ke kira EOD, wadda mai ita ya haɗa wa naitiros da kansa ya bar fulogin kamfani mai dogon hanci. Ƙugiyar babu ita sam, ta narke ta bar ɗan dunƙule kamar kan ashana, tangaran ɗin ya tsage gida biyu. Guntun da ya ɓalle ya bi ta bawul ɗin hayaƙi ya ci gefensa. Duk wanda ya zo mini da zancen kwalba, wannan gwangwanin nake fara miƙa masa.

Kafin ka biya kuɗi, ka ɗora sabon kusa da tsohon. Kaurin zare, tsawonsa da irin mazauninsa dole su zama ɗaya. BKR zarensa milimita 14 ne, tsawo 19, kuma yana da wasa, wato zoben ƙarfen da ke mazauninsa. Injinan BMW irin N54 da N55 siririn zare ne na 12, dogo, kuma sai da soket na musamman mai baki goma sha biyu. Wanda ya yi tsawo zai gaisa da fistin, wanda ya gaza zai bar zaren kan injin a buɗe datti ya cika shi.

Jabu kuwa sun cika kasuwa, kuma kwalinsu wani lokaci ya fi na gasken sheƙi. Ni da mitar gwada lantarki nake zuwa. Fulogin NGK mai rizisto yakan nuna wajen om 5,000 tsakanin kansa da tsinken tsakiya. In guda shida suka ba ka lambobi shida da ba su ko kusa da juna, mayar masa da kayansa. Dubi waldar ƙugiya ko tana da tsabta, dubi rubutun jikin tangaran ko yana gogewa da farce, ja wasan ka gani ko zai zame ya faɗo. In ka ga an rubuta Niterra a kwali kar ka tsorata, kamfanin NGK ne ya canza suna a 2023, fulogan dai suna nan da sunansu. Farashin da ya yi rabin na kowa kuwa ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin.

A ɗaura fulogi injin na sanyi. Ka hure ramin tukuna, don a damuna ruwa da yashi na kwanciya a ciki, musamman motar da ta ratsa ambaliyar Lekki. Fara murɗawa da hannu har ya zauna, sannan ka sa sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri: mai zare 14 a kan alminiyom Nm 25 zuwa 30, mai zare 12 kuwa ka bi abin da littafin motar ya ce, don ya fi saurin tsinkewa. Wanda bai ɗauru sosai ba ba ya miƙa zafinsa ga kan injin, sai mai lamba 8 ya riƙa aiki kamar 6. Ba na shafa wa zaren komai, NGK da kansu sun ce fuloginsu masu farin rufi ba sa buƙata, kuma maiƙo yana sa a ɗaure fiye da kima.

Duk lissafin da na kawo na farawa ne kawai, fulogin da kansa zai gaya maka ko ka dace. Sa sababbi, a ja motar da cikakken totur sau ɗaya ko biyu a kan na'urar gwajin ƙarfi ko a rufaffen fili, ba a gadar Third Mainland cikin jama'a ba, a kashe injin nan take ba tare da an bar shi yana silo ba. Ka huda kwali ka rubuta 1 zuwa 6, kowane fulogi a raminsa, ka fito da su rana da gilashin ƙara girma. A jikin ƙugiya za ka ga inda launi ya canza. In layin yana wajen gwiwar lanƙwasa, taimin ya zauna. In ya gangaro kusa da inda aka yi walda, taimin ya yi gaba da yawa. A zare, zafi ya canza launin layi biyu ko uku na farko, in ya fi haka fulogin ya yi wa injin zafi. Sai ka duba tangaran da kyau. Ɗige-ɗige baƙi kamar an barbaɗa masoro alamar ƙarar nan ce ta tsakuwa a gwangwani, ko da kunnenka bai ji ta ba. In ɗigon yana ƙyalli kamar azurfa, wannan alminiyom ne, kuma daga kan fistin ya fito, kar a sake taka motar sai an gano dalili.

Haka muka yi wa IS300 ɗin nan bayan mako guda. Biyar sun fito tas, launin ƙasa-ƙasa mai haske. Na shida, wanda ke can baya kusa da bangon injin inda zafi ya fi taruwa, yana da masoro ƙwaya huɗu ko biyar a gefe ɗaya. Muka ja taimin baya digiri 2, muka bar sauran yadda suke, na ce ya dawo bayan kilomita 1,000 mu sake kwance na shidan.